Neman shawara: sunayen duwatsun wuta sun ƙi zama a kan ɗalibaina

Malamar labarin ƙasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da 'yan babbar sakandare, mun kai kan duwatsun da zafi ke samarwa. Yaran nan sai su haddace igneous, magma, lava, granite da basalt tsaf, ranar jarrabawa kuma su cakuɗa su. Wace dabara zan bi?

Tsohon malami: Wa'alaikumus salam, Malama. Rage musu hadda, ki ba su asalin kalmomin. Igneous daga ignis ta fito, wato wuta da Latin. Magma kuwa Girkanci ce, tana nufin kwaɓaɓɓen abu mai kauri, shi ya sa aka laƙaba wa narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa. Da zarar ya ɓullo waje sai a kira shi lava, kalmar da aka aro daga mutanen Italiya mazauna gindin Vesuvius mai aman wuta.

Mai sayar da kayan gini: Ni dai ba malami ba ne, amma Malama, ki je inda ake gini ki roƙi tsakuwar granite cikin hannu guda. Ki jiƙa ta, ki miƙa wa yara, za su ga ƙwayoyi farare da baƙaƙe, wasu jaja-jaja, suna ƙyalli. Sunan ma daga granito ne, mai ƙwayoyi da Italiyanci. A hankali ya huce can ƙasa, ƙwayoyin suka samu damar girma. Basalt a sarari ya huce da sauri, sai ya fito baƙi, ƙwayarsa da ƙyar ido ke ganinta. Granite ya cika tsaunukan Jos, basalt kuma Biu ce gidansa.

Ɗalibar jami'a: Ki ƙara da pumice, dutsen goge kaushi. In kin samu na asali, jefa shi a bokitin ruwa a gabansu, zai taso sama saboda ƙofofin iskar da ke jikinsa. Ajinmu ya kaure da ihu ranar da aka gwada mana.

Tsohon malami: Haka ne, 'yata. Sai dai ban da basalt a wannan dabara ta asalin kalmomi, ba za ta taimaki yaro ba. Kuskuren masu kwafar littafi ne ya mai da tsohon sunan dutse basanites ya koma basaltes, inda aka samo basalt, Agricola, masanin ma'adinai ɗan Jamus, kuma ya yaɗa shi a 1546. Wannan kam a nuna musu dutsen kawai.

Malamar labarin ƙasa: Allah ya saka da alheri. Tsakuwa ba wuya. Akwai ɗan Biu a nan da zai aiko min da baƙin dutsen ta tasha?