Karnak: hannun mutum ne ko aikin aljanu?

Alhajin Babbar Kasuwa: Salamu alaikum jama'a. Na kai Hajiya asibiti Alƙahira, da ta ji sauƙi muka gangara Luksor, tsohon birnin Fir'aunoni. Na shiga Karnak, tsohon gidan bautarsu. Ginshiƙan dutse 134 a zaure guda, na tsakiya sun haura mita 20, har hulata ta faɗi wajen ɗaga kai. Ni dai na yanke: aljanu suka gina wurin nan.

Ɗan Azhar: Barka da hanya Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma da ka waiwaya bayan ka wuce ƙofar farko, da ka ga tulin tubalin laka jingine da bango. A kansa magina suke jawo dutse sama, aikin bai ƙare ba aka bar shi nan. Me aljani zai yi da tudu?

Magini: To dutsen fa, daga ina? Mu nan siminti ma sai kamiyo ya iso.

Ɗan Azhar: Daga Jabal Silsila, kudu da garin, jiragen ruwa ke ɗauko shi ta kogin Nilu. Fir'auna Seti na 1 da ɗansa Ramsis na 2 ke da zauren, yau shekara sama da 3,200.

Alhajin Babbar Kasuwa: Yaro, aljanu sun yi wa Annabi Sulaimanu gini, ko ka musa?

Ɗan Azhar: Wane ni in musa nassi, Baba. Sai dai nassin bai ambaci Karnak ba.

Malamar Lakkol: A tsallaken kogi akwai kufan ƙauyen ma'aikata, Deir el-Medina. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na 3 hatsin ladansu ya makara, suka ajiye kayan aiki suka ce yunwa suke ji. A rubuce yake. Ban taɓa jin aljani ya yi yajin aiki kan alkama ba.

Alhajin Babbar Kasuwa: Malama, waɗannan masu sassaƙa kabarin sarakuna ne, ba su suka ɗora ginshiƙai ba. Kar ki haɗa mini hatsi da tsakuwa.

Malamar Lakkol: Na karɓa, Alhaji. Amma gari ɗaya ne, yunwa ɗaya.

Kawu: Kuna ta Masar. Hasumiyar Agadas mita 27 ce, da laka zalla, wa a cikinku ya taɓa hawa?

Magini: Kawu bari mu gama da wannan tukuna.

Alhajin Babbar Kasuwa: Tudun nan dai ban gan shi ba, rana ta yi zafi, mai yi mana jagora kuma sai sauri yake. Turo mini hoto in gani da idona.

Ɗan Azhar: Yana cikin tsohuwar waya. Sai bayan la'asar in Allah ya so.