Waƙata ta cije a baiti na biyu, ku agaza

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta waƙa. A Agege nake, da rana ina sayar da kayan waya, da dare ina rubutu. Namiji nake so, kuma tun ina yaro nake raina kaina saboda haka. Sai ina waƙa nake jin ni ma mutum ne mai daraja.

Baiti na biyu ne ya gagara. In na ce "kai ne", kowa ya gane. In na ce "ke ce", ƙarya na yi, har muryata sai ta yi sanyi a gaban makirfo. Na gwada "ku", sai ta koma kamar yabon sarki. Amshin kuma kullum sai ya zame zuwa ban haƙuri, alhali ba laifi nake son amsawa ba.

Ga dokar 2014, ɗaurin shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a fili, kuma mai situdiyon ɗan unguwarmu ne, ya san babana.

Yaya ake saka gaskiya cikin habaici ba tare da mutum ya tona kansa ba? Ko in cire masoyin baki ɗaya, in yi waƙar a kaina?