Yarona ya iya rera tebur ɗin sau amma in an tambaye shi a tsakiya sai ya tsaya

Maman 'yan uku:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Babban yarona yana aji uku, shekararsa takwas, an ba su tebur ɗin sau daga na biyu zuwa na sha biyu wai su haddace kafin jarrabawa. Wallahi in ya ɗauko waƙar nan ta bayan littafi zai kai ƙarshe ba gargada, amma ina ce masa shida sau bakwai nawa ne sai ya ɗaga kai sama ya koma tun daga shida sau ɗaya yana motsa baki yana bi, in wani ya yi magana a tsakiya kuma shikenan ya ɓace sai ya sake daga farko. Jiya har kuka ya yi don babansa ya ɗaga masa murya. Kuma yaron nan ba daƙiƙi ba ne, a islamiyya izu biyu gare shi. Na bakwai da na takwas su ne bala'in. Me zan yi ne, lesin zan saka shi ko kuwa?

Malamar firamare:
Wa alaikumus salam maman yara. Ki kwantar da hankalinki, rabin ajina haka suke zuwa min. Kin san yadda yaro zai karanto sura tas amma in aka ɗauko masa aya daga tsakiya aka ce ci gaba sai ya rikice? To shi ne wannan, waƙar ya riƙe, bai san me take nufi ba tukuna.

Ki ajiye littafin nan na sati ɗaya. Ki tara marfin kwalbar lemo ko wake ko ƙwallon dabino, duk abin da ke gida, ki ce ya jera miki layi uku, kowane layi guda huɗu, ya ƙirga, 12. Sai ki juya tiren ki ce yanzu layi nawa ne? Zai ga layi huɗu na uku-uku kuma ba a ƙara ko ɗaya ba. Ranar da yaro ya gane uku sau huɗu da huɗu sau uku abu ɗaya ne aikin ya kusa raguwa da rabi, don tebur ɗin daga 1 zuwa 12 amsa 144 ne a ido amma in kin cire maimaici 78 ne kacal, kuma a cikinsu na ɗaya da na goma kyauta ne. Kiret ɗin ƙwai ma ya isheki darasi, biyar ta nan shida ta can, talatin, yana gani da idonsa.

Kuma kar ki bi su a jere yadda aka buga a littafi. Ni na biyu nake fara musu, sai na goma, sai na biyar saboda kuɗi, naira biyar-biyar goma-goma ba yaron da bai sani ba in dai ana aikensa shago. Na huɗu ninkin na biyu ne, na takwas ninkin na huɗu. Misali takwas sau bakwai, ya ɗauki 7 ya ninka 14, ya ninka 28, ya sake ninkawa 56. Na bakwai da kike tsoro kuwa in ya iya sauran kusan duk ya riga ya same shi ta bayan gida, bakwai sau bakwai 49 ne kawai zai zama sabo a wajensa.

Maganar ɗaga murya kuma, a ba baban haƙuri a lallaɓa shi, yaron da ke jiran tsawa ko abin da ya sani guduwa yake daga kansa.

Dattijon Fagge:
Malama na ji bayaninki kuma da kyau, sai dai ni ban yarda a raina hadda ba. Mu da waƙa muka koya, kullum da safe a tsaye, kuma yau shekaru nawa in ka tashe ni daga barci ka ce tara sau takwas zan ce 72 kafin in buɗe ido. In yaro zai tsaya jera wake a ɗakin jarrabawa ai lokaci ya tafi. A haɗa biyun dai.

Af, kun san ma dalilin da ya sa ake kaiwa sha biyu? Kuɗin Ingila ne, kwabo 12 ke yin sule ɗaya, sule 20 fam guda, sisi kwabo shida, taro kwabo uku. Wanda bai iya na sha biyu ba a lokacin sai a cuce shi a kasuwa. Da naira ta zo a 1973 aka koma ƙirgen goma-goma da ɗari amma tebur ɗin ya tsaya yadda yake, yanzu sai dai a dozin yake amfani.

Malamar firamare:
Baba ai ban ce a bar hadda ba, Allah ya ƙara girma. Cewa na yi ya fara ganin abin sannan ya haddace, in ya manta yana da hanyar da zai bi ya dawo. Waken na sati ɗaya ne ko biyu, ba da shi zai shiga jarrabawa ba.

Ɗiyar Maraɗi:
Mu nan a lakwal da Faransanci suke yi kuma galibi a goma ake tsayawa, mun huta da sha ɗaya da sha biyu. Abin dariya ɗiyata ba ta taɓa shan wahalar na biyar ba, saboda mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, dala goma 50, dala ashirin 100, to tun tana ƙarama in an aike ta tana ganin 100 a jikin kuɗin ana ce mata dala ashirin, ashe lissafin take yi ba ta sani ba. Na tara ne ya ba ta wuya sai da mushensu ya nuna musu na yatsu. Ya buɗe hannu biyu, in tara sau huɗu ne ya lanƙwasa yatsa na huɗu daga hagu, uku sun rage ta hagu shida ta dama, 36 kenan. Ki gwada mishi, yara na son shi kamar wani siddabaru.

Baban Islamiyya:
Tunda kin ce yana da hadda ki yi masa irin na tilawa. Kaɗan-kaɗan kullum, minti biyar bayan magariba ya fi awa guda ranar Lahadi, kuma a riƙa tsinto masa daga tsakiya ba a jere ba. Ni yanka kwalin sabulu na yi, tambaya a gaba amsa a baya, wanda ya ci a ware gefe wanda ya faɗi a mayar cikin tulin gobe ya sake haɗuwa da shi. Bakwai sau takwas kuma ki ce ya tuna 5, 6, 7, 8, wato 56 shi ne 7 sau 8. Kuɗin lesin ki riƙe abinki tukuna.

Maman 'yan uku:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba na gode da tarihin sule ban taɓa sani ba wallahi. Na gwada na waken jiya da daddare a kan faranti, da na juya farantin ya yi shiru yana kallo can sai ya ce Umma ai iri ɗaya ne, ya sake jerawa da kansa har sau uku. Na yatsun kuwa yau da safe har mai kawo mana ruwa sai da ya tare shi ya nuna masa. Shida sau bakwai dai har yanzu 48 yake ce min, ban san inda ya samo ta ba. Matsalar kawai ƙanwarsa, ina juya baya ta kwashe layi guda ta cusa a baki, yau marfin kwalba zan nemo.