Abin da aka tattauna kan canjin injin tsohuwar Hilux

Na bi bayanan 'yan uwa kan ko a gyara injin 22R (injin fetur na Toyota mai kafireto) da ke cikin tsohuwar a-kori-kura Hilux, ko a canja shi da wani, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya ce kada a yi gaggawar sauke 22R. In hayaƙi ne da shan baƙin mai, a fara da ringi da gaskit. In kuma ana jin ƙara a gaban injin, a duba sarƙar taimin, domin robar da ke riƙe ta kan karye, sarƙar ta ci murfin gaban injin har ruwa ya haɗu da mai.

2. Kan canja shi da injin fetur 3RZ mai lita 2.7 ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun yaba ƙarfinsa a hawa da kaya. Wasu suka ce galibi ba kafireto gare shi ba, sai an sayo shi da wayoyinsa da kwamfutarsa, an kuma samu rewaya na ƙwarai. Ni dai wannan gargaɗin ya fi kama mini hankali.

3. Masu son dizal sun zaɓi 3L ko 5L, amma aikin zai taɓa giya, mazaunin injin da layin mai.

4. Injin Beljiyam kuwa, a tafi da bakanike, a ji kukansa kafin a biya.