Neman taimako: manhajata tana gane cutar tumatir a kwamfuta, amma a gona sai ta rikice

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar koyar da na'ura. Ni mai rubuta manhajar yanar gizo ne a nan Kano, da yaren rubuta manhaja na PHP nake cin abinci, ina son komawa wannan fanni, amma wani abu ya tsaya mini a wuya.

Na horar da ResNet-50 (manhajar gane hotuna) a PyTorch (kayan aikin koyar da na'ura), kan Google Colab (dandalin Google na gudanar da irin wannan aiki ta intanet), da hotunan PlantVillage (tarin hotunan ganyen shuke-shuke masu cuta da lafiyayyu), waɗanda suka haura 54,000, na ware na tumatir kawai. A gwaji sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Da na ba ta hotunan da aka ɗauko mini da waya daga gonakin Kadawa da Kura, sai ta dinga kiran lafiyayyen ganye mai cuta. Hotunan PlantVillage ganye ɗaya ne a shimfiɗe, bayansa fes. Namu kuwa ga ƙurar hunturu a kan ganye, ga rana tsaka, ga yatsan manomi a gefe. Ina zargin bayan hoton ta haddace, ba tabon ganyen ba. Na jujjuya hotuna, na sauya haskensu, na daskarar da matakan farko na manhajar (wato na hana su sauyawa yayin horarwa), canjin kaɗan ne.

Shin hotunan gona nawa ya kamata in tara ga kowace cuta kafin in sake horarwa? Kuma wa zai tantance mini su, tunda ni ban iya bambance cututtukan ba?

Sannan ga waɗanda suka samu aiki a fannin: wannan aikin zai isa in nuna wa masu ɗauka, ko in fara zama kan lissafi tukuna? Allah ya saka da alheri.