Wa ya taɓa juya ruɓaɓɓen gungume a daji?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Makon jiya na raka kawuna itace a dajin bayan garinmu, can kusa da Falgore. Bazara ce, ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Na juya wani gungumen maje da ya daɗe a kwance, sai ga ƙasar ƙarƙashinsa baƙa wuluk, da danshi har da sanyi-sanyi. Ga gara, ga ƙadandoniya, ga wani farin abu kamar zare ya bi jikin itacen. Taku ɗaya daga wurin kuwa turɓaya ce zalla. Wa ya taɓa ganin haka?

Malamin kimiyya, Zariya:
Wa alaikumus salam. Farin zaren nan shi ne ainihin jikin naman kaza, wanda muke gani da damina tohonsa ne kawai. Shi da gara ke cin itacen har ya koma taki. Danshin kuma gungumen ne ya tare rana da iska, ruwan damina bai ƙafe ba. Na taɓa sa ɗalibaina su taɓa ƙasar wuri biyun, daga ranar ban ƙara wahalar bayani a allo ba.

Tsohon maharbi, Alkaleri:
Yaro, Allah ya tsare ka. Ba a juya gungume da hannu. Sanyin da ya burge ka shi kunama da kububuwa ke nema. A gabana kububuwa ta sari abokin tafiyata a haka, sai asibitin masu saran maciji na Kaltungo muka kai shi, da ƙyar ya sha.
Amma in kana son ganin mataccen itace yana aiki, je Yankari. Giwaye kan karya bishiyoyi a bakin kogin Gaji, ba mai kwashewa. Itacen da ya mutu a tsaye ma yana da nasa masu ziyara. Makwakkwafi ya huda, zuma ta shiga kogo. Cilakowa kuwa, macen kan shige kogon ta liƙe bakinsa, ta bar 'yar tsaga, namijin ya yi ta miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Na wuni guda a gindin wata busasshiyar bishiya ina kallon wannan, ban harbi komai ba.

Manomi, Maraɗi:
Mu nan da gangan muke kiran gara. In fako ya ci gona, ƙasa ta yi tauri ruwa na gudu a kai, sai mu shimfiɗa rassa da kara da rani. Iskar hunturu ta tara rairayi a jikinsu, gara ta zo ta huhhuda ƙasar. Damina na sauka ruwa ya sami hanyar shiga. Wurin da na yi wa haka, damina ta biyu gero ya tsaya.

Uwargida, Kafanchan:
To ku yi ta yabon gara, ni rumbu ta cinye mini. Kuma Baba maharbi, mu da gas ya fi ƙarfinmu da me za mu yi tuwo? Ruɓaɓɓen ma ba ma ɗauka, hayaƙi ne kawai. Marke muke nema, maƙera su nemi ƙirya, ita da gara ma ba ta iya mata.

Tsohon maharbi, Alkaleri:
Gaskiyarki 'yata, ba da ku nake ba. Masu gawayi da ke sare ɗanye, da masu cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, su ke hana itace kwanciya har ya ruɓe. Kai kuma na Tudun Wada, ka mayar da gungumen yadda ka same shi?

Ɗan Tudun Wada:
Ban mayar ba, Baba. Na koma bayan kwana uku, wurin ya bushe ƙayau, garar ta nutse ƙasa. Ƙadandoniya ɗaya na gani a nannaɗe, ta mutu.