Biki a watan Afrilu a Kano, wace fulawa ce za ta jure zafin nan?

Maman Ilham:
Slm 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, bikin ƙanwata ne aka sa tsakiyar Afrilu a nan Kano kuma yarinyar nan ta kafe ita fa ba ta son fulawar roba a wajen kamu da dina, wai mai rai take so mai ƙamshi irin wadda take gani a Instagram. Mun je wajen mai dekoreshon ta ce rozi ɗin daga Kenya ake kawowa ta jirgi, ta faɗi kuɗin sai da na nemi kujera na zauna wlh. To ni tambayata, babu furen da ake samu a ƙasar nan a wannan lokacin ne? An ce min Jos suna nomawa, gaskiya ne? Kuma zai kai dare bai yi yaushi ba?

Anti Bilki mai kwalliya:
Wslm Maman Ilham, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Sana'ata kenan don haka bari in faɗa miki tsakani da Allah. Hotunan da ƙanwarki take kallo yawanci na Turai ne da Amurka, su Afrilu lokacin da sanyi ya sake su ne komai yake tohowa, mu kuwa Afrilu tsakiyar bazara ce, Kano sai ta wuce digiri 40 da rana. Rozi ɗin Kenya ma a wajen tafkin Naivasha ake noma mafi yawansa, tudu ne mai sanyi, kuma tun daga gona har jirgi a ɗakin sanyi yake tafiya, to ki ɗauko shi ki dasa a hol ɗin da janareto ke ɗaukewa yana dawowa, kafin amarya ta iso (kin san dai amarenmu, an ce ƙarfe 7 sai 10) duk ya sunkuyar da kai.

Jos gaskiya ne ana nomawa, garin yana kan tudu kusan mita 1,200 shi ya sa ake samun rozi da sitiroberi da dankalin turawa. Kan furen bai kai na waje girma ba kuma karan bai cika tsawo ba, amma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba kuma jiya-jiya aka yanko shi. Ni abin da nake yi, rozi na Jos kaɗan nake sawo, na hannun amarya da na teburinsu ita da ango kawai. A yanka da asuba, a taho da shi cikin bokiti da ruwa a mota mai AC, kar ki yarda a cusa shi a but tare da buhunan kabeji. Da ya iso ki sake yanke gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, ki tsige ganyen da zai nutse a ruwa, ki sa sukari kaɗan da ɗigon Hypo a ruwan, sai ɗaki mai duhu da sanyi. Kar ki ajiye kusa da ayaba ko mangwaro nunanne, iskar da suke fitarwa tana tsofar da fure da wuri.

Sauran hol ɗin kuma ki bi abin da yake son zafi.

Malam Sani lambu:
Hajiya ni mai lambun fulawa ne a bakin titi, abin da Anti ta faɗa a ƙarshe shi ne maganar. Mutane suna wuce fure a ƙofar gidansu suna neman na jirgi. Bogenbiliya ɗin nan mai kamar takarda da ke hawa katanga, da rani ta fi yin fure, ja da fari da ruwan hoda da ruwan goro duk akwai. Amma kar a yanko reshenta, awa kaɗan ta langwaɓe, a tukunya ake ɗauka a jera a hanyar shigowar amarya a rufe tukunyar da yadi. Haka shukar kariya mai kaurin gindin nan, ita ma da rani take fure ganye ya zube sai fure zalla, ruwanta dai guba ne a kula da yara masu tsinke-tsinke. Furanjifani fari mai rawaya a tsakiya ki tsinto da safe ki zuba a faranti mai ruwa a kan tebur, da dare ƙamshinsa ya fi tashi. Da yawanmu muna ba da hayar tukwane, a biya a dawo da su washegari. Ki zo da wuri dai, sati 4 ko 5 kafin biki, mu ware miki mu rage musu ban ruwa don su ƙara fure.

Ummu Sudais:
Ni fa ban ga laifin roba ba gaskiya. An yi bikina da ita kuma a hoto ba mai ganewa, kuɗin nan a ƙara mata a kayan kicin ya fi. Fure mai rai kwana ɗaya ne fa sai shara.

Anti Bilki mai kwalliya:
Ummu Sudais ai ba haram ba ce, ni ma bangon bayan amarya da roba nake cikawa don can sama ba mai taɓawa. Amma abin da hannu da hanci za su kai gara mai rai. Kuma tukunya ba ta zama shara, amarya ma sai ta tafi da biyu gidanta.

Maman Ilham:
Kai na gode sosai Allah ya saka da alheri. Na tura mata hoton bogenbiliya ta ce fara da ruwan hoda take so don ya shiga da ankon. Malam Sani ita hayar tukwanen da kai da ɗaukowa ake yin ciniki ko mu za mu nemo a-kori-kura da kanmu?